Janaretan Honda EU2200i a Motar Zango: Inda Ya Isa da Inda Ya Gaza

A Amurka, motar zango, wato motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki wadda suke kira RV, ba ta da matsalar lantarki muddin tana sansanin da aka tanadi soket. Matsalar tana farawa ne idan mai ita ya nufi daji ko hamada, inda babu turken wuta ko ɗaya. A nan ne ƙaramin janareta yake shigowa, kuma wanda aka fi ambata a tsakanin masu wannan harka shi ne Honda EU2200i, wanda ya fito a 2018 ya gaji EU2000i. Ra'ayina a kansa shi ne inji ne nagari ƙwarai, amma duk wanda ya saya da tunanin zai maye masa gurbin wutar sansani gaba ɗaya, bai yi lissafi ba.

Lambar 2200 da ke jikinsa ita ce ƙurewar ƙarfinsa na ɗan lokaci. Abin da yake iya riƙewa yana aiki ba tsayawa wat 1,800 ne. A kan bolt 120 na Amurka, wannan amfiya 15 ke nan, alhali yawancin ƙananan motocin zango an gina su ne a kan amfiya 30, wato wat 3,600. Rabin wutar da motar ta saba samu ke nan, kuma ko filogin motar ba ya shiga soket ɗinsa sai an sa mahaɗi. Da wannan rabin, fitilu da fanka da talabijin da kwamfuta da cajin batir duk suna tafiya lafiya lau, musamman idan an mayar da firiji da hitar ruwa kan gas.

Inda gizo ke saƙar shi ne na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufin motar. Wadda aka fi samu, mai ƙarfin sanyaya ɗaki na BTU 13,500 (BTU ma'aunin wannan ƙarfi ne), tana cin abin da ya kusa wat 1,500 idan ta daidaita, amma a daƙiƙar da kwamfuresa ke tashi tana fizgar wuta ninkin hakan, sai janaretan ya haska jar fitilarsa ya yanke wuta. Mafita biyu ce. Ta farko ita ce a ɗaura wa na'urar wani ɗan akwati mai tayar da kwamfuresa sannu a hankali, irin EasyStart na kamfanin Micro-Air, wanda da shi janareta ɗaya yakan iya ɗaukarta, da sharaɗin kada wani ya kunna na'urar ɗumama abinci a lokaci guda. Ta biyu ita ce a haɗa janareta biyu da wayar da aka yi don haka, ɗayansu ya zama samfurin Companion mai soket na amfiya 30. Wannan ta fi kwanciyar hankali, sai dai kuɗi ya ninku, alhali guda ɗaya ma ya haura dala 1,000. Sannan akwai batun tudu, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi: injin fetur yana rasa kusan kashi 3.5 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da aka hau, saboda haka a wuri irin gandun dajin Yellowstone, inda sansanoni da dama suka haura ƙafa 7,000, kusan rubu'in ƙarfin ya tafi tun kafin a jona komai.

To, me ake saya da wannan tsadar? Shiru da tsabtar wuta. Wanda ya tashi a unguwar da ƙarar ƙananan janaretoci ke hana hira da daddare zai yi mamakin wannan, domin ƙararsa tana tsakanin desibel 48 zuwa 57 ne gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, kuma mutum biyu za su iya magana a kusa da shi ba tare da ɗaga murya ba. Wannan ba ado ba ne kawai, tunda dokar gandun dajin gwamnatin tarayyar Amurka ta haramta ƙarar da ta wuce desibel 60 daga nisan ƙafa 50. Da yake kuma mai inbata ne, wutarsa ba ta hawa da sauka yadda za ta lalata kayan laturoni masu laushi. Nauyinsa kilo 21 ne kawai, mutum ɗaya yana ɗaukarsa da hannu guda, wanda hakan alheri ne ga mai shi, kuma alheri ne ga ɓarawo, don haka sarƙa da kwaɗo suna cikin kuɗin saye.

Tankinsa ƙarami ne, lita 3.6. A rubu'in nauyi yana kai awa takwas, amma da cikakken nauyi awa uku da 'yan mintuna ne, wato mai son sanyi har asuba sai ya tashi tsakar dare ya kashe injin, ya bari ya huce, sannan ya ƙara mai. Abin da na fi yabawa a ƙirarsa shi ne makunninsa yana da matsayin da ke rufe hanyar mai injin yana ci gaba da aiki har man da ke kabureta ya kusan ƙarewa, abin da ke rage toshewa idan an ajiye shi watanni. Baƙin mai kuwa ana canza shi bayan awa 20 na farko, daga nan sai duk awa 100.

Sababbin samfuran suna zuwa da na'urar da ke kashe injin idan iskar guba ta kabon monoksaid ta taru a kusa da shi, amma wannan ba lasisi ba ne na ajiye shi a ƙarƙashin mota ko kusa da taga saboda gudun ruwan sama. Wannan iskar guba ba ta wari, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a nisanta janareta aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga. Saboda haka mai saye ya haɗa da doguwar waya mai kauri wadda za ta kai wannan nisa ba tare da ta yi zafi ba, ya kuma juya bakin salansar ya kalli wani gefe, ba motarsa ko ta maƙwabcinsa ba.