Kasuwar Kifi: Jamestown ko Tema?

Idan baƙo ya sauka a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, yana son ganin cinikin kifi, Jamestown, unguwar bakin teku, ta fi kusa. Da sassafe kwale-kwalen masunta 'yan ƙabilar Ga masu fenti kala-kala ke dawowa, mata na tarbarsu da manyan kwanuka, ana ciniki kifin bai daina motsi ba. Kada dai a je ranar Talata, masunta ba sa shiga teku. A nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Tema kuwa, birnin da ke gabas da Accra, wadda aka buɗe tashar jiragen ruwanta a 1962, ta 'yan sari ce: manyan jirage, ɗakunan sanyi, kifin tuna, daskararren kifi katan-katan. Akwai nisa, ga cunkoson hanya. Mai sayen na biki ya nufi can. Ɗan kallo, ni dai Jamestown zan kai shi.