Girka Java 17 a sabar RHEL 9: ta dnf ko da hannu?

RHEL nau'in Linux ne na kamfanin Red Hat, dnf kuma shi ne abin girka manhajoji da ke zuwa da shi. Da `dnf install java-17-openjdk-devel` an gama, komai na sauka a /usr/lib/jvm, gyaran tsaro kuma na zuwa ne tare da sabuntawar sabar. Kada a manta da `-devel` ɗin, in ba haka ba java mai gudanar da manhaja kawai za a samu, babu javac mai harhaɗa lambar da aka rubuta. Illar bin dnf, sigar kan canza a lokacin da ba a shirya ba.

In kuwa da hannu ne, kunshin tar.gz (matsattsen fayil) ake saukewa, a /opt ake warware shi, sigar tana nan daram sai ka taɓa ta. Amma saita JAVA_HOME, mai nuna inda Java take, na wuyanka, kuma systemd, mai tayar da sabis a sabar, ba ya karanta /etc/profile.d inda aka saba saita shi, dole a rubuta JAVA_HOME cikin fayil ɗin sabis. Gyaran tsaro na fitowa duk wata uku, kai za ka riƙa bibiya. In manhajar da za ka gudanar ba ta kafe kan siga ɗaya ba, dnf ya fi.