Na Sake Kallon Dilwale, Ni da 'Yata da Gwaggona

Asabar ɗin da ta wuce, bayan mun idar da sallar Isha'i, na sa aka kunna mana Dilwale Dulhania Le Jayenge a falo. Ƙanin maigidana ne ya turo min shi a filashi, mai fassarar Turanci a ƙasan hoto. Mu uku ne muka zauna: ni, da 'yata ta fari da ke aji biyu a jami'a, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta zo ganin likita saboda ciwon gwiwa take kwana biyu a wurinmu. Fim ɗin ya ɗan haura awa uku, an kuma ɗauke wuta a tsakiya sai da aka tada inji, don haka ba mu tashi ba sai wajen ƙarfe ɗaya saura na dare. Ban yi da-na-sanin barcin da na rasa ba.

Farkon ganina da shi a kaset ɗin bidiyo ne, a gidan maƙwabtanmu a Fagge, ina 'yar sakandare. A lokacin 'ya mace mai mutunci ba ta doshi ƙofar silima, Marhaba da Plaza da El Dorado sai dai mu ji labarinsu a bakin yayyenmu maza. Mu namu shi ne a haɗa kuɗi a karɓo kaset haya, a cika ɗaki maƙil, manya a kan gado yara a ƙasa. Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, babu fassara, amma babu wadda ta tashi ba ta gane labarin ba. Mun yi dariya, mun yi kuka, mun yi wata guda muna rera waƙoƙin da kalmomin da muka ƙirƙira da bakinmu.

Fim ɗin ya fito ranar 20 ga Oktoba, 1995. Shi ne na farko da Aditya Chopra ya ba da umarni, yana ɗan shekara 24, mahaifinsa Yash Chopra ya ɗauki nauyi. Shah Rukh Khan, wanda mu dai Sharukan muke ce masa har gobe, shi ne Raj, ɗan gata shagwaɓaɓɓe da ya tashi a Landan. Kajol ita ce Simran, ita ma a Landan ta girma, amma a gidan da uba ya riƙe al'adar Punjab gam kamar bai taɓa barin gida ba. Tun tana jaririya ya yi wa amininsa alƙawarin ba ɗansa ita. Ta roƙe shi wata ɗaya tak ta zaga Turai da ƙawayenta kafin aure, ya yarda, a can ta haɗu da Raj. Da uban ya ji tana faɗa wa mahaifiyarta abin da ke ranta, sai ya tattara iyalinsa kaf ya koma Indiya don a ɗaura auren. Raj ya bi sawu.

Yadda jama'a suka karɓe shi abu ne da ba a cika gani ba. Ya lashe kyaututtukan finafinan Indiya na Filmfare guda 10, ya kuma samu lambar yabo ta ƙasa a Indiya. Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne silimar Maratha Mandir da ke Mumbai, inda ake haska shi kullum da ƙarfe 11:30 na safe shekara da shekaru. A watan Disamba 2014 ya cika mako 1,000 a wurin. A Fabrairu 2015 masu silimar suka ce sun sauke shi, mutane suka yi caa a kansu, dole suka mayar da shi. Annobar korona ce kawai ta dakatar da shi a 2020, da aka buɗe silimu kuma ya dawo. Har Barack Obama, da ya je Delhi a Janairu 2015, sai da ya ari wata magana ta Raj a cikin jawabinsa, zauren ya ɗauki tafi. Wannan duk na faɗa wa 'yata kafin a kunna, don in kwaɗaita mata.

Ba a yi nisa ba ta fara ɓata rai. Wurin da aka kulle Raj da Simran su biyu a wani lungu na jirgin ƙasa ne. Yarinya ta buɗe littafi ta rufe fuska, alamar ba ta son magana, shi kuma ya ƙi barin ta. Ya ɗago wani abu na kayanta na ciki da ya faɗo daga akwati yana nuna mata, can kuma ya kwantar da kai a cinyarta. A 1997 nan ne ɗakinmu ya fi ɓarkewa da dariya. 'Yata ta juyo ta ce, "Umma, wannan ai cin fuska ne. Da a Adaidaita wani ya yi min haka, me za ki ce?" Na rasa amsa, domin na san abin da zan ce, kuma ba dariya ba ce. Haka wurin da Simran ta farka da safe bayan ta sha abin da ya gusar mata da hankali, ya sa ta zaci wani abu ya faru tsakaninsu har ta fashe da kuka, sannan ya ce wasa yake yi, ya kuma hau yi mata bayanin cewa shi Ba'indiye ne, ya san darajar 'ya mace. Da can wannan magana ta burge ni ƙwarai. Yanzu hawayen yarinyar na fi gani. Masu sharhi a Indiya, musamman mata, sun daɗe suna faɗar haka a kan waɗannan wurare biyu: an nuna wa samari cewa naci da takura hanyar shiga zuciya ce. Na yarda da su, kuma ba zan nemo wa fim ɗin uzuri ba don ina ƙaunarsa.

Duk da haka rabin farko bai rasa daɗinsa ba. Anupam Kher a matsayin mahaifin Raj, wanda ya yi murna da ɗansa ya faɗi jarrabawa domin shi ma haka ya gada, har yanzu yana sa ni dariya, Gwaggo ma ta dara. Duwatsun Suwizalan da ciyawarsu suna nan shar a hoto. Kiɗan Jatin da Lalit bai tsufa ba, muryar Lata Mangeshkar kuwa tana tashi na ji tsigar jikina ta tashi kamar ina zaune a ƙasan ɗakin nan na Fagge. Sai dai akwai jan lokaci. Za a iya yanke kusan minti 20 daga yawon Turai ba tare da labarin ya yi rauni ba, kuma fassarar da ke jikin wanda na samu tana makara, wani lokaci sai an gama magana take fitowa.

Inda gardama ta kaure a falona shi ne rabi na biyu. Raj ya isa Punjab, sun haɗu a gonar nan mai furanni rawaya, Simran ta ce ya ɗauke ta su gudu. Ya ƙi. Ya ce ba zai sace ta ba, sai mahaifinta ya ɗora hannunta a kan nasa da kansa. Daga nan ya shiga gidan biki a matsayin abokin ango, yana ɗaukar kaya, yana taya mata aikin kicin, yana sace zuciyar mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Ina fassara wa Gwaggo, ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ɗan halak ne. Mai son ki da gaskiya ta ƙofa yake shigowa." A ganina nan ne sirrin karɓuwar fim ɗin yake, a Indiya da nan ƙasar Hausa. Finafinan soyayya da yawa kafin shi, masoya gudu suke yi ko su mutu. Wannan kuwa ya ba matasa soyayyarsu, ya bar wa iyaye girmansu, kowa ya fita silima bai ji an ci masa mutunci ba. Mu da muka tashi muna karanta littattafan soyayya na shekarun 1990, waɗanda rabinsu a kan auren dole suke, mun san wannan ciwo tun kafin a nuna mana shi da yaren wasu.

'Yata ba ta gamsu ba. Ta ce, "To ita fa? Uba ya yanke hukunci, saurayi ya yanke hukunci, ita aikinta kuka da jira. Ko sunan fim ɗin ma cewa yake mai babbar zuciya zai ɗauki amarya, kamar kaya." Ta kuma tuna min da Preeti, ƙanwar angon, wadda ta kamu da son Raj har aka fara maganar aure, aka yi amfani da ita aka watsar, fim ɗin bai ko waiwaye ta ba. Ni kam ban taɓa tunanin yarinyar nan ba sai a daren. Wannan ita ce sukar da masana suka fi yi masa, cewa ya yi wa mulkin uba kwalliya ya sayar wa 'yan zamani.

Amma akwai wuri ɗaya da nake ganin masu yabo da masu suka duk ba su cika tsayawa a kansa ba, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Mahaifiyar Simran, wadda Farida Jalal ta fito a matsayinta, ta zauna da 'yarta a bakin taga tana ba ta labarin kanta. An cire ta daga makaranta don 'yan'uwanta maza su yi karatu. Ta yi haƙuri tana 'ya, ta yi tana 'yar'uwa, ta yi tana matar aure. Ranar da ta haifi Simran ta ɗauki alƙawari cewa 'yarta ba za ta sha abin da ta sha ba, ga shi yau ita ce da bakinta take roƙon ta ta manta da wanda take so. Babu kiɗa mai ƙarfi, babu ihu. Ina cikin fassarawa na lura Gwaggo ta daina motsa carbin da ke hannunta. Ta sa gefen mayafi ta goge ido. Can ta ce, ba tare da ta kalle mu ba, "Ni ma ranar da za a kai ni, Inna ce ta riƙe ni tana kuka tana cewa in yi haƙuri. Shekarata sha huɗu." Na san an yi wa Gwaggo aure da wuri, kowa a dangi ya sani, amma ban taɓa jin ta faɗa da bakinta ba. 'Yata ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafarta, mai ciwon ma.

Fim ɗin da zai sa irin wannan magana a bakin uwa ya san abin da ake yi wa mata, bai ɓoye ba. Daga baya ma ita uwar ce, da ta ga Raj da Simran a kan soro daren azumin Karva Chauth, wanda matan Hindu ke yi don neman tsawon rai ga mazajensu, suna ciyar da juna, ta tattaro gwala-gwalanta ta ce su gudu. Matar da ta fi kowa biyayya a gidan ita ce ta fi kowa ƙarfin hali. Raj ne ya sake ƙi. Ina ganin kyawun ƙin nasa, ina kuma ganin cewa shi namiji ne, yana da damar yin caca da lokaci. Da uban bai sauko ba, ba shi za a kai ɗakin wanda ba ya so ba.

Amrish Puri kuwa, wanda muka saba gani a matsayin mugu, a nan ya yi abin da ya fi mugunta wahalar nunawa. Fim ɗin da shi ya buɗe, yana watsa wa tattabaru hatsi a Landan yana kewar ƙasarsa, mutumin da ya yi fiye da shekara 20 a baƙon wuri yana tsoron kada 'ya'yansa su suɓuce masa. Ina yarinya tsoron idanunsa nake ji. Yanzu da nake da 'ya a jami'a, na gane tsoron da ke cikin idanun. Ban ba shi gaskiya ba, amma na san iyaye irinsa, masu ƙauna da taurin kai a zuciya ɗaya, waɗanda alƙawarin da suka yi wa aboki ya fi musu nauyi a kan hawayen da ke gabansu.

Faɗan tashar jirgi na ƙarshe bai burge ni ba, jini da duka ne da aka cusa don masu son a gwabza. Abin da ya biyo baya ne ya riƙe fim ɗin shekara 30: jirgi ya fara tafiya, uba ya damƙe wuyan hannun 'yarsa, ya daɗe yana kallon saurayin da aka fasa wa baki, sannan ya buɗe yatsunsa ya ce ta tafi ta yi rayuwarta. Ga wanda bai taɓa gani ba, ina ba da shawarar ya nema, ya samu mai fassara mai kyau, kuma idan da hali kada ya kalla shi kaɗai. Iyaye su san akwai shan giya da 'yan wuraren rawa da ba su dace da ƙananan yara ba.

Da rubutu ya fara hawa, 'yata ta ce har yanzu tana kan bakanta, bai kamata sai an saki hannun mace sannan ta samu abin da take so ba. Gwaggo ta dafa kanta ta ce, "Kishiya, ke kina ganin an makara da sakin. Ni ina ganin an saki." Ta miƙo min hannu na taimaka mata ta tashi, ta ce gobe in sake kunna mata wurin uwar nan kawai, ta tagar.