G ta koma T: daga jikin majinyaci ne ko daga ɗakin gwaji?

Ɗan'uwa, ka ce a samfuran ciwon dajin da ka karanta jerin DNA ɗinsu kana ta cin karo da G ta koma T, ko C ta koma A (cikin haruffa huɗu na DNA: A, C, G da T), kowanne a ɗan kaso kaɗan na karatun, kana tambaya ko sauyi ne na gaskiya. Kada ka rubuta rahoto tukuna. Bari in ajiye maka biyun kusa da juna, sauyin gaskiya da na ɗakin gwaji.

Na gaskiya a cikin jiki yake faruwa. Oksijin ya taɓa G ya mai da ita 8-oxoG, wato lalatacciyar G. Jiki yana da masu gyara, OGG1 da MUTYH, amma idan lalatacciyar G ɗaya ta kuɓuce musu, wajen kwafi sai a haɗa ta da A maimakon C, abokiyarta ta asali; A kuwa da T take haɗuwa, sai T ta maye gurbin G. Ƙwayar halitta ta rabu, ta sake rabuwa, shi ke nan sauyin ya zauna daram a sili biyu na igiyar DNA. Na ɗakin gwaji kuwa, sinadarin ɗaya ne, sai dai a cikin bututu ya auku, inda babu mai gyara. Sili ɗaya ne ya lalace, abokinsa yana nan da C ɗinsa lafiya lau.

A nan asirinsa yake tonuwa. Sauyin gaskiya yana fitowa ta kowace fuska ka karanta guntun, kusan rabi da rabi. Na bogi yana karkata gefe guda: da yake ana karanta kowane guntu daga bakinsa biyu, sai ka ga G zuwa T a karatun farko, C zuwa A a na biyu. Costello da abokan aikinsa na Cibiyar Broad a Amurka suka bayyana wannan a 2013, a mujallar Nucleic Acids Research. Sun ga ya fi taruwa inda CCG ke komawa CAG, suka bi sawu har matakin da ake farfasa DNA da ƙarfin amo zuwa guntaye masu harafi kusan 150, a samfuran da suka taho da gurɓata tun daga wajen ciro DNA ɗin. A 2017 masu bincike na New England Biolabs suka nuna a mujallar Science cewa irin wannan karkata tana nan har cikin manyan rumbunan bayanai, 1000 Genomes da TCGA. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin da su muke auna aikinmu.

Amma ƙarancin kaso kaɗai ba hujja ba ne. Ƙari ɗaya yakan ƙunshi ƙananan rassa masu sauyinsu na gaskiya, kuma huhun mai shan taba cike yake da C zuwa A na hakika. Shi ya sa COSMIC, kundin sauye-sauyen DNA na ciwon daji, ya raba su, kowane salo da lambarsa: SBS4 na taba, SBS18 na oksijin cikin jiki, SBS45 na lahanin shirya samfur. Wanda ya share duk G zuwa T da ya gani zai iya zubar da abin da majinyaci ke jira.

Ƙara zurfin karatu ba ya magani, PCR, hanyar ninka kwafin DNA, zai yi ta kwafar kuskuren ne kawai. Tace bayanai da kwamfuta yana taimakawa, amma ni na fi son rigakafi: a sauya ruwan DNA zuwa ruwan sinadarin Tris mai EDTA kafin farfasawa, domin EDTA tana kama ƙarfen da ke hura wutar ɓarnar oksijin. In aikin na neman sauyi mai ƙarancin gaske ne, a bi hanyar Duplex ta 2012, wadda ba ta yarda da sauyi sai sili biyu sun shaida. Idan kuma samfurinka na cikin fomalin ne, sinadarin adana nama, matsalarsa daban, C zuwa T ce.

Ka ƙirga karatunka ta fuska biyun, sannan ka tambayi wanda ya shirya samfurin a cikin wane ruwa DNA ɗin yake lokacin da aka farfasa shi.