findChild ko self.ui a PySide6?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace hanya ta fi wajen kiran maɓallai da akwatunan taga a PySide6, kayan rubuta manhaja mai taga da Python bisa Qt: findChild mai nemo abu da sunansa, ko self.ui mai riƙe da kayan tagar duka. Ɗauki self.ui kawai.

Da shi na rubuta wa kawuna manhajar kantin maganinsa, yau shekara uku ke nan tana aiki a tsohuwar kwamfutarsa. Na zana tagar a Qt Designer, manhajar zana taga ta Qt, kowane maɓalli da akwatin rubutu na raɗa masa suna mai ma'ana, na juya fayil ɗin zuwa Python da pyside6-uic, sannan na kira setupUi, mai jera kayan a taga, sau ɗaya. Daga nan duk inda nake neman akwatin farashi, ina rubuta self.ui in ɗiga aya, edita ya jero mini sunayen. Bara kawu ya ce in ƙara masa gurbin ranar lalacewar magani, alhali na manta rabin abin da na rubuta. Wallahi kafin la'asar na gama, don da na canza wasu sunaye na sake juyawa, edita ya ja jan layi ƙarƙashin duk inda tsohon suna ya rage. Sai dai kar ka gyara fayil ɗin da pyside6-uic ya fitar da hannunka, juyi na gaba zai share gyaran.

Shi findChild yana da ranarsa, idan maɓallan sai manhaja na cikin aiki ake ƙirƙirarsu. In ba haka ba, kuskuren harafi ɗaya a suna ya isa ya dawo maka da None (wato babu komai) shiru, ba za ka sani ba sai maɓalli ya ƙi aiki a gaban mai saye.

Kuma ko da self.ui ɗin, kar wata taga ta riƙa zura hannu cikin kayan wata. Tagar sayarwa na son a sabunta lissafin kaya? Ta aika Signal, wato saƙon sanarwa na Qt, tagar da ke da akwatin ta canza abinta. Haka aikin da ka tura QThread don ya gudana a bayan fage: Qt bai yarda a taɓa kayan taga daga can ba, in ka yi, manhajar za ta riƙa mutuwa jefi-jefi ka rasa dalili.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu tallar "cikakkiyar manhajar makaranta" a waya. Na taɓa saye, na tarar da findChild birjik a fayil guda mai tsawon gaske, mai sayarwar kuma ya daina ɗaukar kirana. Wasunsu da PyQt, takwaran PySide6, suka rubuta, ba za su gaya maka ba cewa lasisinsa GPL ne, mai tilasta buɗe rubutun manhajar in ka rarraba ta, ko kuma ka biya Riverbank Computing in za ka sayar a rufe. PySide6 kuwa LGPL ne, lasisin da ya yarda a sayar a rufe bisa sharuɗɗa. Kafin ka tura ko sisi, ka sa ya buɗe maka fayilolin a gabanka.