Gargaɗi: masu "gyaran gida" a Minecraft suna kwashe asusun mutane a Sakkwato

Jama'a, musamman ɗalibai da matasan da ke buga Minecraft (wasan gini da bulo) a waya, da iyayen da yara ke amfani da wayoyinsu, a yi hattara. Akwai masu yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram suna tallar cewa su ƙwararru ne a gyaran gidan da ya samu matsala a wasan: dodanni na fitowa a tsakar ɗaki, kirifa (dodon da ke fashewa) na rusa katanga, gona ta ƙi girma, gado ya ƙi karɓar barci. Sai su ce duniyarka ce ta "lalace", ka tura kuɗin aiki ta OPay ko PalmPay. Kuɗin ba shi da yawa, da gangan, don kada ka tsaya tunani. Abin da ke biyo baya shi ne ainihin satar.

Hanya ta farko, su ce za su shiga su gyara daga nesa, ka ba su imel ɗin asusunka na Microsoft. Can sai saƙo ya iso da lamba, su ce "ɗan'uwa turo min lambar nan in haɗa". Wannan lambar ita ce mabuɗin asusun. Da ita suke shiga, su sauya kalmar sirri da lambar wayar da ke kai, kai kuma ka koma baƙo a ƙofar gidanka. Ƙaryar a fili take ga wanda ya san wasan: a wayar Android, duniyar da ka gina tana cikin ƙwaƙwalwar wayarka ne, ba ta cikin asusun Microsoft, sai fa in ka ɗora ta a Realms, ma'ajiyar masu wasan da ke intanet. Ko da mutum ya riƙe asusunka shekara guda, ba zai iya motsa bulo ɗaya a gidanka ba. To me zai yi da lambar?

Ta biyu ta fi muni. Za su turo fayil na APK (fayil ɗin saka manhaja a Android), wai "gyararren" wasa ne mai katangar da ba ta fashewa da Minecoins (kuɗin cikin wasan) kyauta. Fayil ɗin ba ya hawa kan na asali saboda sa hannun manhajar ya bambanta, sai su ce ka goge wanda ke wayarka tukuna. Da zarar ka goge, duniyoyinka sun bi shi, aikin wata shida ya tafi a daƙiƙa biyar. Sannan sabuwar manhajar ta nemi izinin karanta saƙonnin tes da izinin sarrafa allo. Wasan tara bulo ba shi da abin yi da tes ɗinka. Lambobin da banki ke turowa ake nema, kuma in wayar Baba ce ko ta Inna yaro ya ɗauka, asusunsu ne zai sha kashi.

Akwai kuma masu cewa ka gayyace su cikin duniyar ka ba su matsayin ofareta, wato mai cikakken iko. Wanda ya samu wannan yana iya zuba TNT ya tashi gidan, sannan ya dawo ya ce a ƙara kuɗi zai maido. Kuma idan aka kunna umarnin maguɗi a duniya sau ɗaya, ta daina ba da lambobin yabo har abada. Duk wanda ba ka san fuskarsa ba, ka bar shi a matsayin mai ziyara, wanda ido kawai yake da shi.

Yanzu ga abin da suke karɓar kuɗi a kansa. Duka dokokin wasan ne, ba lalacewa ba.

Dodanni a cikin gida haske ne ya gaza. Tun fitowar sigar wasan ta 1.18 a ƙarshen 2021, a rufaffen wuri suna fitowa ne inda hasken fitila ya zama sifili. Toci yana ba da haske 14, yana raguwa da ɗaya a kowane bulo, kuma lissafin ba a miƙe yake ba: bulo bakwai gaba da bakwai gefe sha huɗu ke nan, haske ya ƙare. Shi ya sa lungu ke cin mutane alhali tsakiyar ɗaki tar take. A sa toci kowane bulo takwas zuwa goma, a fara da kusurwoyi. Gawayi ɗaya da sanda ɗaya suna ba da toci huɗu, don haka babu dalilin rowa. Wurin da aka fi mantawa shi ne saman rufi. Shimfiɗaɗɗen rufi mai duhu fili ne na kirifa, daga can take faɗo maka a bakin ƙofa da safe. A rufe shi da rabin bulo da aka kwantar a ƙasa, ko gilashi, domin dodanni ba sa fitowa a kansu. Bulo uku na dutse suna ba da rabi shida.

Gizo-gizo yana hawa katanga kome tsawonta. Maganinsa baki ne: jere ɗaya na bulo da ya leƙo waje a saman katangar, kamar indararo. Kirifa kuwa tana tsoron kyanwa, a horar da biyu da ɗanyen kifi a zaunar da su a bakin shiga. Ɗakin ajiya in ana son a kwanta da hankali, a kewaye shi da obsidiyan, baƙin dutsen da fashewar kirifa ba ta rusawa, wanda sai da digar lu'ulu'u ake haƙarsa. Idan ƙofar katako ke ɓacewa da dare, zombi ne, suna karya ta in an saita wasan a mataki mai wuya. Ƙarfe shida na ba da ƙofar ƙarfe uku, sai dai ba ta buɗuwa da hannu, a sa maɓalli a waje. Kada a sa faifan taka a waje, domin dodon ma zai taka ya shigo. Ramukan da ke bayyana a katangar ƙasa ko yashi aikin endaman ne, dogon baƙin dodo mai ɗauke bulo. Ba ya ɗaukar dutsen da aka haƙo, kuma tsayinsa ya kusa bulo uku, ɗaki mai tsayin biyu ba ya ɗaukarsa.

Gona: bulon ruwa ɗaya yana jiƙa bulo huɗu ta kowane ɓangare, wato fili tara sau tara. Shuka tana son haske 9 zuwa sama. In duk wannan ya cika amma alkama ta tsaya cak, nisa ne. Wasan yana aiki ne kawai a yankunan da ke kewaye da kai, kowane yanki bulo 16 sau 16, kuma a waya galibi an saita nisan a yanki huɗu. Ka yi nisa da ya wuce kimanin bulo 64, gona da tanderu sun tsaya sai ka dawo. A gina su kusa da inda ake yawan zama.

Gado yana ƙin barci in akwai dodo cikin bulo takwas, sau da yawa a wani kogo ƙarƙashin daɓe. A haƙa, a haska. Akwatin da ya ƙi buɗuwa, cikakken bulo ne aka ɗora masa a ka, a mayar da shi rabi.

Sai maganar wasa na sarƙewa da rana, wadda 'yan damfarar ke kira matsalar saba (server). Kowa ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, sama da digiri 40. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu. A cire mata riga, a daina wasa tana kan caji, a rage nisan gani zuwa yanki shida.

Kafin kowane babban aiki, a yi kwafin duniyar daga saitinta. Amma wannan kwafin ma yana tafiya in an goge manhajar, don haka in wurin ajiyar wasan na waje ne, a haɗa waya da kwamfuta, a kwafe jakar minecraftWorlds.

Wanda ya riga ya tura lamba, ya shiga shafin asusun Microsoft yanzu, ya sauya kalmar sirri, ya goge duk imel ko lambar waya da bai sani ba, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wanda ya sauke APK ɗin ya kashe data, ya kira bankinsa daga wata wayar a rufe asusun, sannan ya cire manhajar. In ta ƙi fita, ta ba kanta matsayin mai kula da na'ura ne, a janye wannan izinin a saitin tsaro tukuna. Kada a goge hirar don kunya. A ɗauki hotonta da rasit ɗin tura kuɗi da lambar asusun da aka tura wa, da su za a je banki, da ofishin 'yan sanda ko na EFCC da ke nan Sakkwato.