Wegovy ko Rezdiffra: wanne ya fi dacewa da mai suga da kitsen hanta?

Hajiya, kin ce Alhaji yana fama da suga da ƙiba, an yi masa hoton ciki an ga kitse a hantarsa, sai ɗanku da ke Amurka ya ambaci magunguna biyu, Wegovy da Rezdiffra, kina son sanin wanda ya fi. Allah ya ba shi lafiya.

Duka biyun hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da su don wannan ciwo, Rezdiffra a watan Maris na 2024, Wegovy kuma a Agustan 2025. Amma kowanne da ƙofar da yake bi.

Rezdiffra ƙwaya ce da ake haɗiya sau ɗaya a rana. Hanta take nufa kai tsaye, ta sa ta ƙona kitsen da ta tara. Ba ruwanta da suga, ba ta kuma rage ƙiba. A gwajin da aka yi na mako 52, kumburin hanta ya lafa a wajen kashi 26 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda suka sha ta, yayin da masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta suka tsaya a kashi 10. Zawo da tashin zuciya su ne abin da aka fi kuka da shi. Farashin da ta fito da shi ya haura dala 47,000 a shekara, kin ga wannan kaɗai ya isa ya rufe maganarta ga yawancinmu.

Wegovy kuwa allura ce, sau ɗaya a mako. Sinadarinta semaglutide, shi ne dai na cikin Ozempic da masu suga suka sani tun 2017, kamfani ɗaya ne ma, Novo Nordisk. Aikinta danne yunwa da daidaita suga. Idan jiki ya sauke nauyi, hanta ma ta samu sarari. An gwada ta a kan mutum 800 na tsawon mako 72: kumburi ya lafa a kashi 63, tabon hanta ya ragu a kashi 37, nauyi ya sauka da kusan kashi 10. Kada 63 ɗin nan ya ruɗe ki har ki jera shi kusa da 30 na Rezdiffra, don a wannan gwajin hatta waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki, kashi 34 sun samu sauƙi. Gwaji biyu ne daban, mutane daban.

Tana da nata wahalar. Tashin zuciya, amai, taurin bayan gida, wani lokaci tsakuwa a maɗaciya. Shi ya sa ake farawa da miligiram 0.25, a riƙa hawa sannu a hankali har wata huɗu kafin a kai 2.4. Sai an ajiye ta a firji, ga kuma halin wutarmu. Idan aka daina, ƙibar takan dawo. In Alhaji yana kan insulin ko ƙwayar suga ta glibenclamide, dole likita ya sake duba adadinsu, kada suga ya faɗi warwas. Akwai kuma jabu: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan Ozempic na bogi, don haka ban da saye daga masu talla a WhatsApp.

A ganina, ga mai suga da ƙiba irin Alhaji, semaglutide ta fi, tunda ciwo uku take taɓawa da allura ɗaya. Rezdiffra ta fi dacewa da wanda ba shi da jiki sosai, ko wanda cikinsa ya kasa jure allurar.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Amincewar da aka yi wa duka biyun ta shafi hantar da ta kumbura har ta fara tabo ne, mataki na 2 da na 3, ban da wadda ta riga ta ƙandare. Hoton ciki na yau da kullum kitse yake nunawa, ba ya faɗin matakin tabo. Ki roƙi likitansa ya lissafa masa FIB-4, ma'aunin da ke hasashen ko hanta ta yi tabo, wanda shekaru da gwajin jini kawai yake buƙata, in ya yi sama a tura shi FibroScan, na'urar da ke auna taurin hanta. A haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B da C, don B ɗin ya yi yawa a wajenmu, kuma babu ɗaya cikin magungunan nan biyu da ke taɓa shi.